Malafar Nélida

Montecristi, 4 ga Maris, 2001

Yaya Clorinda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da tsohuwar Baturiyar da kike wanke wa jiki a Genova. Mu nan lafiya ƙalau. Damina ta yi kyau, kaba ta yi laushi a hannun masaƙa. Gwiwata ce kawai take ɗan damuna in na daɗe a mota. Motata nake nufi, ba ta haya ba.

Wilfrido mai kai saƙo Italiya ya ce kin tare shi kina tambayar 'yata Nélida har da hawaye. Hawaye ba su da wuya. Shekara biyu ke nan da kika bar yarinyar da kike cewa ke kika raine ta tun rasuwar uwarta, kika tafi kwashe kashin tsofaffin Turawa. Ni da na zauna, ga labari.

A watan Janairu na buɗe sabon shago a bakin babban titi, hawa biyu, da sunana a sama. Ni ne dai Beto da kuke aike da damin malafa a ka. Ranar buɗewa Fadan cocinmu ya zo sa albarka, ga wani Bajamushe da yake sayen kayana. Ana cikin addu'a sai 'yar gidanki ta yanke jiki ta faɗi a tsakiyar malafu, tana karkarwa, kumfa a baki, siket a jiƙe. Mace mai shekara ashirin da shida, a gaban baƙo. Na ce wannan shi ne na ƙarshe.

Na ɗauke ta na kai ta Guayaquil wurin babban likitan ƙwaƙwalwa. Ba irin ɗakin shan maganin garinmu ba, da suka shekara goma sha biyu suna ba ta farar ƙwayar nan tana faɗuwa duk wata kuna cewa a gode wa Allah. Wannan sai an yi mako uku ana jiran layinsa, ni kwana biyu na jira. Ya ƙara mata wani sabon magani a kan tsohon, daga Turai ake kawo shi. Ƙwaya ɗaya a rana, bayan mako biyu a koma biyu, bayan wani mako biyun a koma uku. Gobe Litinin za ta shiga uku. Ina rubutawa a kalandar shago da hannuna, don ni ba na aiki da ka.

Tun ranar da ta fara sha ba ta faɗi ba. Ko sau ɗaya. Abin da ku da tofe-tofenku da kyandirorinku kuka kasa a shekara goma sha biyu, na yi shi a wata guda.

Tana kan wata malafa da ta ɗora bayan sabuwar shekara, ta Bajamushen nan ce. Ta gama tsakiyar kai ta gangaro bango. Na ɗaga ta a rana, ban ga ƙofar da haske zai bi ba. Wannan kam na yarda kin koya mata.

Kada ki kira wayar shago. Ma'aikata suna da kunne, ni kuma ba na baza maganar gidana a gaban masu gugar malafa. In kina da magana ki rubuto.

Ƙaninki,
Heriberto Quijije


Genova, 2 ga Afrilu, 2001

Beto,

Na gaishe ka, na gaishe da gwiwarka da motarka. Ni lafiya, sai sanyi da ya ƙi tafiya. Tsohuwata ma lafiya, kuma ta fi ka iya godiya.

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman Nélida a ciki, sai shago na gani hawa biyu. Ka faɗa mini ta daina kunyata ka. Ba ka faɗa mini yadda take ba. Tana cin abinci? Tana yi maka rashin kunyar da ta saba? Tana waƙa in ta kifa ƙirji a kan kututturen saƙa? Yarinyar nan in ba ta waƙa, hannunta ba ya tafiya daidai.

Na ji daɗi da ba ta faɗuwa, Allah ya sani. Amma likitan bai ce ku koma ba? Nan ko maganin tari aka canza wa tsohuwata sai likita ya dawo ya duba ta. Ka mayar da ita.

Ka bar ta ta rubuto mini da hannunta. Ita ce za ta gaya mini abin da kai ba za ka gani ba.

Batun malafa kuma, kai dai ka tsaya a saye da sayarwa. Ina nan lokacin da Mama ta ƙwace kaba daga hannunka ta ce yatsunka na sassaƙa turmi ne.

Yayarka,
Clorinda


Montecristi, 27 ga Mayu, 2001

Yaya Clorinda,

Ina gaisuwa. Da fatan sanyin ya sake ki. Ni lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. Nélida ma jikinta garau, wata huɗu ba faɗuwa. Halinta ne ya lalace, kuma yanzu na gane daga inda abin ya fito.

“Ita ce za ta gaya mini abin da kai ba za ka gani ba.” Haka kika rubuta. Ashe akwai abin da kuke ƙullawa a bayana. Na bincike ɗakinta ban sami wasiƙarki ba, amma ni ba yaro ba ne. So kike ta bi ki Italiya ta riƙe miki bokiti, shi ya sa kika koya mata wannan sabon salo.

Ga salon. Sai a wayi gari ta ƙi magana. Ido a buɗe, tana zaune, tana kallon mutum kamar bango. In ce, “Nélida, kin karya?” Sai na ƙirga har ashirin kafin ta ce “uhm”. Tana ta tsinkar bakin siket da yatsu kamar mai cire ƙaiƙayi. Ran nan gishiri ta zuba mini a kofi. Wata rana ta ɗauki cokali ta fita tsakar gida ta tsaya da shi a rana, har sai da maƙwabciya ta leƙo. Wani lokaci rabin yini, wani lokaci yini cur. Washegari ta tashi fes, tana dariya, ta cinye agade uku da gyaɗa. In ce, “Jiya me na yi miki?” Ta ce, “Jiya kuma, Baba? Ai jiya Talata, mun je kasuwa.” Alhali ranar Alhamis muke. Kin ji iya shege. Duk ranar da ta yi mini haka ina sa mata gicciye a kalanda, don ranar da za ta musa.

Kin ce in koma wurin likita. Ya ce mu dawo bayan wata guda, gaskiya ne. In koma in ce masa me? Ciwon farfaɗiya faɗuwa ne, faɗuwa ta tsaya. Awa huɗu a hanya don ya taɓa mata goshi? Kantin magani na garin Manta suna kawo mini ba tare da takarda ba, sun san ni. Kuma na yi tunani irin na mai kasuwa: abin da uku ya kwantar, huɗu zai tumɓuke shi. Na mai da ita huɗu a Afrilu, biyar a farkon watan nan.

Yanzu ki ji babbar. Ranar Laraba sha shida ga wata na shiga ɗakin saƙa da safe na same ta kife a kan kututture, yatsu suna tafiya. Na duba bakin malafar, na ga saƙa sakwa-sakwa kamar kwandon kifi. Na kira sunanta sau uku. Na ce, “Ke, da ubanki kike wasa?” Ko ɗago kai. Na ɗago ta da kaina na sharara mata mari. Ban taɓa dukanta ba tun da aka haife ta, ke shaida ce. Kin san abin da ta yi? Ba kuka, ba ƙifta ido, yatsun ma ba su tsaya ba. Ta ci gaba da saƙa tana kallon maɓallin rigata. A duk lardinmu na Manabí ban taɓa ganin raini irin wannan ba, kuma ban yi nadama ba.

Shekaranjiya na ƙwace malafar. Bajamushe ya ɗaga ta a rana ya yi dariya, ya tambaye ni ko mutum biyu ne suka saƙa, gwana da mashayiya. Ga ta nan na ba Wilfrido ya kawo miki, ki ga aikin ɗalibarki. Na cusa kwalayen maganin da suka ƙare a cikinta don kada ta lotse a hanya. Ki duba su da kyau, ki ga irin abin da ake saya wa 'ya in uba ya isa.

Heriberto Quijije


Genova, 24 ga Yuni, 2001

Beto,

Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa. Ina lafiya. Wilfrido ya biya ta Madrid, sai ranar Laraba malafar ta iso. Na kira shagonka sau uku, sau uku ana ce mini maigida ba ya nan, ina jin muryarka a baya kana faɗa da mai guga. To karanta, kuma ka karanta har ƙarshe.

Shekara talatin kana ɗaga malafa a rana kana neman aibi don ka karya wa masaƙa farashi. Aibi ka iya gani. Ba ka iya karatu ba.

Na kai ta taga. Tsakiyar kai tsaf. Bango, faɗin yatsa biyu na farko, tsaf. Daga nan sai wani siririn layi da ya zagaye ta kamar zare, saƙar ta saki. Sai ta dawo daidai. Can ƙasa wani layin, ya fi na farko kauri. Kafin a kai baki, ɓatacciyar saƙa ta fi mai kyau yawa. A duk inda ta ɓaci abu uku ne. Ba ta ja ta matse ba. Ba ta jiƙa yatsu ba, shi ya sa kabar ta tsattsage. A baki kuma, inda dole a riƙa ƙara sabuwar kaba don ya buɗe, ba ta ƙara ko ɗaya ba. Sama da ƙasa kawai, sama da ƙasa. Wannan hannu ne yake tafiya ba mai shi. Mai fushi ba haka take ɓata aiki ba. Mai fushi yankewa take yi, ko ta ajiye. Kuma tsakanin layi da layi saƙar Nélida ce, wadda ni ma ban kai ta ba. Mutum ba ya haukacewa da safe ya zama gwani washegari.

Akwai likitan da yake zuwa duba tsohuwata duk Alhamis. Na nuna masa kwalayen da ka turo don burga, na ba shi labarin gishiri da cokali. Ya daina murmushi. Ya ce akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum, ba karkarwa, ba kumfa, tana ci a cikin kai awa da awanni mutum yana zaune ido buɗe. Ya ce wannan maganin yakan jawo ta ga wasu, musamman in an yawaita. Ya ce kada a yanke shi rana ɗaya, da haɗari. A kai ta wurin likitanta a ranar da take cikin shirun, a liƙa mata wayoyin nan a kai a gani.

Na ƙirga layukan. Goma sha tara ne. Je ka ƙirga gicciyen da kake sa mata a kalandarka, sannan ka duba su kusa da ranakun da ka ƙara ƙwaya. Tun da kai ba ka aiki da ka.

Ban taɓa aika mata wasiƙa a ɓoye ba, sakarai. Da ma na yi.

Clorinda


Montecristi, 1 ga Yuli, 2001

Yaya Clorinda,

Gaisuwa. Ina lafiya. Fiye da wata guda da na aiko miki da malafa, shiru. Na gane. Kin ga aikin 'yar gidanki kunya ta hana ki ɗaukar alƙalami. An ce mini wata mata ta yi ta kiran shago daga waje. Na ce na faɗa tun farko, mai magana ta rubuto.

Na janye maganar da na yi cewa ke kika zuga ta. Abin ya wuce nan. Na mai da ita shida tun sha ɗaya ga Yuni, faɗuwa dai babu, amma yanzu ranakun shirun sun fi na magana yawa. Ranar Alhamis da hantsi wani direban tanka ya shigo shago yana zagi. Wai ya same ta tsaye a tsakiyar titin Portoviejo ba takalmi, motoci suna kauce mata, shi da ƙyar ya taka birki. Na je na janyo ta a gaban duk masu sayar da malafa na layinmu, waɗanda jiya-jiya suke cire hula in na wuce. Wata tsohuwa har tana cewa a goga mata ƙwai a jiki, tsorata ta yi. Na ce ta je ta goga wa mijinta.

Gaskiya ɗaya ce, ciwon ya bar jiki ya hau kai. Dangin uwarta dama akwai wani kawu da ya mutu a ɗaure. Ba daga wajenmu ba ne.

Na yi magana da Fada, ya haɗa ni da wasu sistocin coci a Guayaquil masu gidan da ake ajiye irinsu. Wuri mai tsabta, da katanga, da lambu. Ba kowa suke karɓa ba, ni sun karɓe ni a zama ɗaya. Na sa hannu. Ranar Litinin sha shida ga wata zan kai ta. Babbarsu ta ce wata shida na farko ba ziyara, don su saba. Za su ci gaba da ba ta maganinta yadda na tsara, na rubuta musu a takarda.

Ba shawararki nake nema ba. Ina faɗa miki ne don kada ki ji a bakin Wilfrido ki ce an ɓoye miki. Wanda ya tafi ba ya raba wa wanda ya zauna aiki.

Heriberto Quijije


Montecristi, 19 ga Agusta, 2001

Yaya Clorinda,

Ina gaishe ki, ina gaishe da tsohuwarki, da likitan nan nata na ranar Alhamis. Ni lafiya. Nélida tana gida. Na fara da wannan don na san halinki, sai ki tsallake layi ki je ki tayar wa Turawa hankali.

Wasiƙunmu sun saɓa a hanya. Taki ta iso ranar Asabar, saura kwana biyu tafiya, akwatinta ma an riga an ɗaure. Na karanta na ce ka ji mini mai wankin tsofaffi ta zama likita. Na je gaban kalanda don in ƙaryata ki, ba don komai ba. Na ƙirga gicciye daga farko zuwa ranar da na ƙwace malafar. Ashirin da ɗaya. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ga gwanar karatu ta faɗi da biyu. Sai idona ya koma. Biyu daga ciki ranar Lahadi ne. Ba a saƙa ranar Lahadi.

Na duba sauran abin da kika ce. Kafin biyar ga Maris babu gicciye ko ɗaya. Na farko kwana uku bayan ta shiga ƙwaya uku. Duk inda na rubuta ƙari, gicciye sun taru a ƙarƙashinsa kamar ƙudaje. Da hannuna na rubuta duka biyun, a takarda ɗaya, wata huɗu ina kallonsu kullum.

Duk da haka ranar Litinin na sa akwati a mota, don ni in na sa hannu na sa. Ta tashi cikin shirun. Awa huɗu tana gefena tana tsinkar siket. Da muka shiga Guayaquil, gidan sistoci hannun hagu ne, na likita dama. Na ce bari in biya a liƙa wayoyin, in sami takardar da zan aiko miki ki rufe baki.

Matar da ke bakin ƙofa ta ce ba mu da layi. Na ce ta kalli yarinyar sannan ta sake faɗa. Ta kalla, ta tashi da sauri. Suka shafa mata wani abu mai danƙo a gashi suka liƙa wayoyi sun fi ashirin. Takarda tana fita daga inji, allurai suna ta zane sama da ƙasa ba hutu, kamar haƙoran matsefi. Ita kuwa tana zaune shiru kamar a coci. Likita ya shigo ya duba, ya ce, “Tun yaushe take haka?”

Na ce, “Yau tun asuba.”

“Ƙwaya nawa take sha?”

Na ce shida.

Ya cire tabarau. Yaro ne, Yaya, bai girmi Nélida da shekara goma ba. Ya ce, “Wa ya ce ka wuce uku? Kuma ina kuka shiga tun Maris?” Na ce ai ba ta faɗuwa. Ya buga yatsa a takardar ya ce, “Ga ta nan tana faɗuwa, maigida. Tun asuba take faɗuwa, ba ta kai ƙasa ba ne kawai.” Ya ce ko a ukun ma yakan faru da wasu, shi ya sa ya ce a dawo.

Suka yi mata allura a jijiya. Ina tsaye ina kallon takardar. Ba a yi minti biyar ba alluran suka lafa. Ta ƙifta ido, ta kai hannu kai, ta ce, “Baba, wane mugun ne ya shafa mini koko a gashi?” Sannan ta ce yunwa take ji, kuma kada a kawo mata abincin asibiti, ita ba mara lafiya ba ce.

Kwana shida suka riƙe ta, suna janye maganin a hankali. Na shigo mata da akwatin don ta canza kaya. Ta buɗe, ta ga rigunanta duka, da takalman coci, da hoton uwarta a sama. Ta ce, “Kwana shida har da hoton Mama? Baba, ina za mu je da?” Na ce gaggawa ce ta sa na kwaso komai. Ta dube ni ta ce, “Kai da gaggawa.” Ba ta sake tambaya ba. Sistoci na aika musu cewa mun fasa.

An bar ta a kan tsohuwar farar ƙwayar, an ɗan gyara yawanta, za mu koma ƙarshen wata likita ya gwada wani maganin. Za mu koma, ba sai kin rubuto ba. Ranar Alhamis da ta wuce ta faɗi a bakin shago, irin faɗuwar da, da karkarwa da komai. Wani ɗan yawon buɗe ido ya tsaya da baki buɗe, na ce in ba saye zai yi ba ga hanya. Malafa ce a hannuna, ta aikin wata uku, ita na cusa mata a ƙarƙashin kai don kada ta bugu da siminti. Ta lalace. Minti biyu ta farfaɗo, ta kwanta ta yi barci, da la'asar ta tashi ta ce na yi asarar banza, ai da rigata na cire. Ta ɗora sabuwar malafa. Tana waƙa, kuma muryar nan tata ba ta gyaru ba.

Saura magana ɗaya. Ranakun shirun nan ba ta tuna komai a cikinsu, likita ya ce ba kuma za ta tuna ba. Ba ta san da titin Portoviejo ba sai da maƙwabta suka gaya mata. Abin da ya faru a ɗakin saƙa ranar sha shida ga Mayu ba wanda ya gani. Ni ne na sani, sai ke da na rubuta wa. Ki ƙona wasiƙar ashirin da bakwai ga Mayu, da ta ɗaya ga Yuli. Ba roƙo nake yi ba, amfaninsu ne ya ƙare. Malafar kuma ki jefar, ba ta sayuwa.

Ƙaninki,
Heriberto


Genova, 9 ga Satumba, 2001

Beto,

Na gaishe ka. Ina lafiya. Na kunna kyandir uku, ɗaya na Nélida, ɗaya na direban tanka, ɗaya na ranar Lahadi. Kai ban kunna maka ba tukuna.

Wasiƙunka suna cikin gwangwanin da nake ajiye fasfo. Ba zan nuna mata ba, wannan ba aikina ba ne. Ba kuma zan ƙona ba. Wadda ta ga hoton uwarta a akwati ta riga ta san rabi, jira take ta ga ko ubanta zai kawo sauran da bakinsa.

Wayar shago zan kira duk Lahadi bayan coci, kuma ita za ta ɗauka.

Malafar tana hannun Wilfrido, na mayar maka. Na bi layukan na sami ranar sha shida ga Mayu. A baki ne, layi na uku daga ƙarshe, mafi faɗi. A tsakiyarsa akwai wurin da saƙar ta goce gefe ɗaya, bai fi faɗin farce ba, sannan ta ci gaba. Na ɗaura jan zare a wurin don kada ka sha wahalar nema.

Na gwada ta da igiya. Daidai kanka ce.

Yayarka,
Clorinda